Tafkin Baban Gwaggo Doris

Ban daɗe a Kanada ba na yarda cewa dokin mai baki ya fi gudu. Ejan ɗin da ya shirya mini takardu ya ce babbar kwaleji ce, ga ɗakin kwana, ga aiki yana jirana. Kwalejin da na tarar 'yan ɗakuna ne a saman wani shagon taya a birnin Winifeg. Ɗakin kwanan kuwa a ƙarƙashin ƙasa yake, da 'yar taga wadda ba ka ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Na wanke motoci, na kai wa mutane abinci gida, na kwashe ƙanƙara a ƙofar gidaje. Ni da nake tuƙa motar haya tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi ina ji da kaina, sai ga ni da shebur a kafaɗa ina gode wa duk wanda ya kira ni.

Kwasar ƙanƙarar nan ce ta haɗa ni da Doris, wata tsohuwa da ta haura tamanin, mai zaune ita kaɗai da karenta. Ta taga take duba aikina, in na bar ɗan wuri ta ƙwanƙwasa gilashi da zobe. Tun ranar farko ta ce in kira ta da sunanta. Na ce mata a garinmu wanda ya kira sa'ar kakarsa da suna gatsal, sai an tambayi wa ya haife shi. Muka yi ta ja, daga ƙarshe muka tsaya a kan Gwaggo. Ta ce sunan ya yi mata kama da kukan agwagwa, amma tana amsawa.

Akwai abin da na baro a gida wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba a ƙasar nan. Yayana Sanusi, wanda ya koya mini tuƙi, 'yan bindiga sun tare shi a hanyar Zurmi ran kasuwar Moriki, suka shiga daji da shi da fasinjojinsa. Ana cikin magana da su ta waya, sai jirgin yaƙi ya je ya yi ruwan bom a sansaninsu. Tun daga ranar wayar ba ta ƙara shiga ba. Wasu da suka kuɓuta sun ce sun gan shi a ɗaure kafin jirgin ya zo, wasu sun ce an riga an wuce da shi wani dajin. Ba gawa, ba labari. Matarsa Hadiza na da ciki a lokacin, ta haifi 'ya mace aka sa mata sunan mahaifiyarmu, muna kiranta Ummi.

Inna ta hana a yi zaman makoki. Ta ce, “Wa yag ga gawatai? Duk wanda yas shimhiɗa min tabarma ƙohwar gida, ban yahe mai ba.” Kullum bayan magariba sai Hadiza ta zuba tuwo a kwanon Sanusi an rufe, da safe a yi ɗumame da shi. Ummi kuwa an koya mata cewa babanta ya yi tafiya. Ni ma duk sanda na kira gida, abin da nake rufe magana da shi ke nan: “In sha Allahu zai dawo, Inna.”

Ana gab da tafiyar da zan ba da labari, Malam Haruna, mahaifin Hadiza, ya kira ni daga Shinkafi. Ya ce, “Bashiru, kai ab babba gidanku yanzu. Ɗiyata ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Shekarun da shari'a tad ɗiba sun cika. Ba ni so in tai wurin alƙali ba da yardar mahaihiyarku ba. Ka yi mata magana.” Na ce to. Na ajiye waya, na daina ɗaukar kiransa, na rage kiran Inna. Haushin kowa nake ji, har da Sanusi da ya ƙi mutuwa a fili ya kuma ƙi dawowa.

Da zafi ya shigo, ƙanƙara ta ƙare, aikina ya ƙare da ita. Sai Gwaggo ta ce tana son direba ya kai ta arewa. A jiharsu gwamnati ta bi tafkunan da ke can cikin daji ta raɗa musu sunayen samarin da suka mutu a yaƙin duniya na biyu, kuma ɗaya daga ciki sunan mahaifinta ke kansa. Ba ta taɓa ganin tafkin ba, ba ta kuma taɓa ganin uban ba. Na ce na yarda, don dai in yi nisa da wayata.

Tun a ƙofar gida muka fara saɓani. Kare ya riga ni shiga mota, ya hakimce a kujerar gaba.

Na ce, “Gwaggo, wannan fa?”

Ta ce, “Wurinsa ne. Ni a baya nake zama.”

Na ce ko ni ko shi. Ta dube ni, ta dubi karen, kuma wallahi sai da ta yi tunani. Aka mayar da shi baya, amma duk tafiyar nan numfashinsa yana ƙeyata, ni kuma ina ta kare rigar sallata. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Zangon farko gonakin alkama ne iya ganinka, ba tudu ba kwari, ba mutum ko ɗaya a bakin hanya. A hanyar Shinkafi ko taya ce ta yi faci, kafin ka fito da jak mutum biyar sun taru suna ba ka shawara. A nan sai ka yi tafiyar rabin yini ba wanda za ka ɗaga wa hannu. Gwaggo kuwa idonta na kan allurar gudu. In na ƙara ta ce zan kashe ta, in na rage ta ce za ta mutu kafin mu isa. Rana kuma ta ƙi faɗuwa, ga yunwa, ga magariba ta ƙi yi.

A hanyar ta fara ba ni labarin uban. Sunansa Wolta, ɗan manoman alkama ne, bai fi shekara ashirin da 'yan kai ba. Bai taɓa ganin teku ba sai ranar da aka tsallaka da shi. Su bakwai ne a jirginsu, daga Ingila suke tashi su je su jefa bom a biranen Jamus. Shi aikinsa a wutsiyar jirgi yake, cikin wani ɗan keji na gilashi da bindigogi, shi kaɗai, bayansa ga inda za su, fuskarsa ga inda suka baro. Ta ce sanyin wurin har yakan manne fatar hannu da ƙarfe, kuma in jirgin abokan gaba ya biyo su, mai zaman wutsiya ake fara nema. Wata rana suka tashi ba su dawo ba. Ba a ga tarkacen jirgin ba, ba a ga ko ɗaya daga cikin bakwai ɗin ba. Uwarta na ɗauke da cikinta a lokacin.

Na riƙe sitiyari da kyau. An gudu ba a tsira ba, abin da na baro a Kaura ya riga ni shiga motar.

Zango na biyu kwalta ta ƙare muka hau tsakuwa. Daji ya rufe mu dama da hagu, itatuwa iri ɗaya kamar an yi musu aski. Duk inda na tsaya yin salla, sauro da wasu baƙaƙen ƙudaje masu cizo sai su yi mini rubdugu. Ni ɗan bakin gulbi ne, na ɗauka na san sauro, ashe ana wata ga wata. A wani ɗan gidan abinci mai shagon ya bi ni da kallo tun daga ƙofa har kujera, sannan ya tambayi Gwaggo ko lafiya take, ko tana son ya kira mata wani. Ta ce masa, “Ɗan ɗan'uwana ne, kawo mana shayi.” Wannan kam ta burge ni.

A teburin nan ta fito da hoto. Samari bakwai a gaban wani ƙaton jirgi, suna dariya, ɗaya ya ɗora hannu a kafaɗar ɗaya. Ta nuna mafi ƙanƙantarsu, mai manyan kunnuwa. A jikin jirgin an zana ƙananan bom a jere, ta ce kowane ɗaya tafiya guda ce da suka je suka dawo. Da alfahari ta faɗa. Ni kuwa sai na tsura wa bom ɗin ido.

Na ce, “Gwaggo, su waye a ƙasa?”

Ta ce, “A ina?”

“Inda bom ɗin ke sauka. Su waye a wurin?”

Fuskarta ta canza. Ta ce, “Ka san da su wa suke yaƙi? Mutanen da ke tara jama'a suna hallakawa. Yaro ne aka aike shi, bai zaɓi gari ba.”

Na ce, “Na sani. Waɗanda suka kama yayana ma makasa ne. Wanda ya tuƙa jirgin ma aikensa aka yi, ƙila ma yana ganin taimakonmu ya zo yi. Amma Sanusi na ɗaure a ƙasa.”

Haka labarin ya zubo, a gaban mai shago da ke leƙenmu. Na gaya mata na Moriki, na wayar da ta daina shiga, na Hadiza da 'yarta Ummi, na kwanon tuwo. Muryata ta ɗaga ban sani ba. Na ce mata tun ranar ko jirgin fasinja na ji a sama sai gabana ya faɗi, ga shi yau ina tuƙa 'yar mai jefa bom zuwa ziyara. Ban ji daɗin abin da na faɗa ba, amma ban janye ba.

Ta mayar da hoton jaka. Muka koma mota, ba wanda ya ƙara magana. Har karen ya kama kansa.

Sai da muka yi nisa ta ce, “Yarinyar, me ake gaya mata?”

Na ce, “Babanta ya yi tafiya.”

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ta ce, “Ni ma haka. Gwamnati ta ce ya ɓace, daga baya ta ce a ɗauka ya mutu. Uwata ta ce su ɗauka su kaɗai. Limamin cocinmu ya zo zai yi addu'a ta kore shi. Takalmansa na gona na bakin ƙofa, tana shafa musu mai. Ta ƙi mu bar gidan gonar kada ya dawo ya rasa mu. Mutumin kirki ya nemi aurenta ta ƙi. Ni kuwa duk mota ta tsaya a kan hanya sai in ruga waje. Har na yi aure, in an ƙwanƙwasa ƙofa sai zuciyata ta buga. Ka ce in yi tunanin na ƙasa. Na yi, Bashiru, na fi ka daɗewa ina yi. Amma su aƙalla an binne su.”

Na so in ce mata ba kowa ba, amma na haɗiye. Ta ce, “Ni ban taɓa zama marainiya ba. Ban kuma taɓa samun uba ba.”

Zango na ƙarshe wani ɗan ƙauye ne a bakin ruwa, inda hanya ta ƙare ƙaf. Daga nan sai ƙaramin jirgi mai sauka a kan ruwa, shi zai kai mu tafkin. Tun a Winifeg Gwaggo ta shirya da matuƙin. Muka tarar sama ta yi jawur, hayaƙi ya rufe ko'ina, daji ne ke cin wuta a can arewa. Matuƙin ya ce ba zai tashi ba. Muka jira washegari, ya ce ba zai tashi ba. Muka ƙara jira a wani ɗakin katako mai warin kifi, Gwaggo na tari, ni ina susa. Daga ƙarshe ya fito fili ya ce mu koma gida, ƙila sai baɗi. Gwaggo ta dube shi ta ce, “Dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai baɗi?”

Takaici ya ishe ni. Duk wannan tsakuwa, duk wannan cizo, duk wannan numfashin kare, a ce mu juya ba mu ga ko bakin tafkin ba? Na je bayan ɗakin na shuri wani gungume, na ji wa babban yatsana ciwo a banza.

Akwai wani dattijo mai ɗan shago a ƙauyen, Josef, cikin 'yan asalin ƙasar da suka riga Turawa zama. Shi ya kawo mana gasasshen kifi ba tare da mun tambaya ba. Gwaggo ta faɗa masa sunan tafkin, ya girgiza kai bai sani ba. Ta nuna masa a taswira, sai ya ce, “A'a, wannan ai na san shi. Kakana a can yake kafa raga.” Ya faɗi wani dogon suna da yarensu.

Gwaggo ta ce, “Sunan mahaifina ke kansa. Gwamnati ta ba shi.”

Ya ce, “Ba su tambaye mu ba. Amma ruwa ne mai yawa, zai ɗauki suna biyu.” Sai ya nuna gaban shagonsa da leɓe. “Kogin da ke fita daga can, nan yake zubowa. Ruwan da kike kallo ta wurin babanki ya biyo.”

Ko gaskiya ya faɗa ko tausayi ne, ban bincika ba. Gwaggo dai ta tashi da sandarta ta nufi bakin ruwan. Ta isa kan duwatsu, ba wurin zama, ba ta kuma san abin da za ta yi ba. Ta zo da hoto, ta zo da furanni da suka riga suka bushe a mota, amma ta tsaya kawai tana kallon hayaƙi.

Abin da na iya shi na yi. Na ɗaure karen a jikin itace, na ɗauko sallayata, wadda na yi ta ɓoyewa kada ya taɓa, na shimfiɗa mata a kan duwatsun. Na kama hannunta ta zauna. Na cire takalmi, na durƙusa a gefe kamar yadda ake yi. Na ce mata a garinmu in an yi rashi, tabarma ake fitarwa ƙofar gida a zauna. Duk wanda ya ji sai ya zo, ko abokin faɗanka ne, ya durƙusa ya yi maka tambaya ɗaya. Sai na yi mata da Hausa.

“Gwaggo, yaya haƙuri?”

Na fassara mata. Ta ce, “Me ake amsawa?”

Na ce, “Haƙuri ya zama dole.”

Ta gwada, ta kakkarya shi yadda ko Inna ba za ta gane ba. Ta sake gwadawa, a tsakiya muryarta ta yanke. Tsohuwar nan mai ƙwanƙwasa gilashi da zobe ta kife fuska a tafin hannu tana kuka kamar yarinya. Josef ya taho a hankali, ya cire hularsa, ya zauna a kan dutse. Matuƙin jirgin ma da ya hango mu ya zo ya tsaya. Ba wanda ya gaya musu abin da ake yi.

Da ta lafa ta ce, “Shekara tamanin da wani abu, ba wanda ya taɓa zuwa gidanmu saboda shi. Sai kai, da ka fi kowa dalilin ƙin zuwa.” Ta share ido da bayan hannu, ta koma Gwaggon da na sani. “Me kake jira? Sai yarinyar ta kai shekaruna?”

Ba sabis a ƙauyen sai na shagon Josef. Ya haɗa mini wayata ya fita ya ba ni wuri. Azahar ta kusa a wurinmu, a Kaura kuwa an idar da magariba. Inna ta ɗauka. Ina jin Ummi tana surutu, ina jin mara tana kankarar tukunya, Hadiza ce ke kwasar tuwo.

“Bashiru? Ka ɓace muna. Lahiya dai?”

Na ce lafiya lau. Na ba ta labarin tsohuwar a gajarce, na takalman da ake shafa wa mai, na yarinyar da ke rugawa waje in mota ta tsaya. Inna ta ce, “Allah Sarki,” irin wanda ake faɗa wa labarin wasu. Na ga in na tsaya kewaye-kewaye zan ƙare da abin da na saba rufewa da shi. Na durƙusa a tsakiyar shagon, ko da yake ba ta ganina.

Na ce, “Inna, yaya haƙuri?”

Na ɗauka sabis ne ya ɗauke, sai na ji numfashinta.

Ta ce, “Har kai?”

“Har ni, Inna.”

Na shirya wa faɗa, na shirya wa ta kashe wayar. Sai ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, “Na daɗe da sani, Bashiru. Tun daminar da anka yi abin jikina yab ba ni. Amma kullum kana ce min shina dawowa. Ni ce uwatai. Ƙaƙa za ni riga ku hwaɗi?”

Ashe ni ina riƙe da ita, ita tana riƙe da ni, Hadiza da Ummi na tsakiya.

Ta ce, “Haƙuri ya zama dole. Ka kira Malam Haruna, ka ce shi taho gobe. Ni za ni sa a hiddo tabarmi.”

Daga nan ta kawar da wayar daga bakinta, amma ba ta kashe ba. Ina durƙushe a shagon Josef, ta taga ina hangen Gwaggo zaune a kan sallayata tana jefa busassun furanni cikin ruwa, na ji Inna ta ɗaga murya zuwa tsakar gida.

“Hadiza! Bar kwanon nan, ɗiyata. Kak ki zuba.”